Thaddeus, Wanda Ya Je Kasuwar Kifi Neman Kalmar Sirri

Kafin masu shara su gama goge benen ƙasa, Thaddeus ya riga ya iso ma'aikata. Daga Karu yake tasowa, ya cusa kansa cikin bas, ya sha cunkoson Nyanya da kowa ya san zafinsa, ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Baƙar jakarsa kullum tana hammata, a cikinta akwai sukudireba, da tsumma, da wani ɗan buroshi da gashinsa ya cinye saboda daɗewa. Ofishinsa kuwa, in har za a kira wannan lungu na ƙarƙashin matakala ofis, ba wurin zama ba ne a gare shi. Kwanon abincinsa kawai yake ajiyewa, ya gyara gilashin idonsa, ya kama hawa bene.

Ba kiransa ake yi ba, shi yake bi. Ƙofa-ƙofa, hawa-hawa, ya leƙa ya gaida mutane, ya tsaya jim yana saurare. Kunnensa ya san kukan kowace kwamfuta a ginin. In fankar wata ta fara gurnani, zai ce wa mai ita ta sha ƙura, ya durƙusa ya kakkaɓe ta tun ba ta kai ga mutuwa ba. In ya tarar an jona butar shayi a soket ɗaya da kwamfuta, ba ya faɗa. Zare ta kawai yake yi ya kai ta wancan bangon, sannan ya kalli mai teburin ta saman gilashi. Wanda aka yi wa wannan kallon sau ɗaya ba ya sakewa.

Injiniya kowa yake ce masa, daga darakta har masinja, ko da yake ba haka gwamnati ta rubuta a takardarsa ba. Amma kun san halin mutanen ofis. Muddin komai yana tafiya, ba mai tuna akwai wani Thaddeus a duniya. Ranar da firinta ta cije takarda, a ranar ne za ka ji sunansa yana yawo a baranda kamar gobara ta tashi. To ga shi a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shekarunsa na gwamnati sun cika, kuma wallahi ba za a bar shi ya sulale shiru yadda ya saba shigowa ba. Yabon gwani ya zama dole, yau sai an faɗa.

Da gyaran tafireta ya fara, tun ma'aikatar tana Legas. Saurayi ne a lokacin, ɗan Kagoro, yana canja ribin, wato ƙyallen tawadar tafireta, yana miƙe haruffan da suka lanƙwashe. Aka kwaso ma'aikatu zuwa Abuja, aka kwaso shi tare da kabad-kabad da fayil-fayil. Da kwamfuta ta shigo, abokan sana'arsa suka ce wannan ba zamaninsu ba ne, wasu suka koma gida noma. Shi kuwa ya nufi wani shago a Wuse, ya zauna a benci cikin tsararrakin 'ya'yansa, suna yi masa dariya yana tambaya, har ya fahimci abin daga tushe. Ayyukansa na alheri a ginin nan ba sa lissafuwa, kowa ka taɓa yana da nasa labarin. Amma akwai guda ɗaya da in aka zauna hira a kantin ma'aikata har yanzu sai an tayar da shi, wato abin da ya faru da Madam Rekiya.

A shekarun da mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, mai yana tsada, ko ina ka duba a Abuja gini ne yake tashi, ma'aikatar ta samu sababbin kwamfutoci, kowane tebur da tasa. A sashen da ke hulɗa da ofisoshin jihohi akwai wani babban akawu, Malam Yamusa, mutum mai tsari da son tsafta. Shi ya buɗe wa sashen adireshin imel irin na kyauta, ya rarraba wa jihohi, kowace jiha ta koma turo rahotonta a can. Kalmar sirrin akwatin imel ɗin sau ɗaya ya taɓa rubuta ta. Burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ta tambaye shi ko ta riƙe masa, ya ce ta riƙe. Daga nan kullum da safe ya buɗe kwamfutarsa, ya danna burauza, saƙonni su bayyana, shi ke nan.

Da lokacin ritayarsa ya yi, aka yi abin da aka saba. Ma'aikata suna da al'adar miƙa aiki, kuma ba sa wasa da ita. Mai tafiya zai miƙa makullin ofis, da na durowa, da hatimi, da abin huda takarda, har kwandon shara sai an nuna an ce ga shi nan. Malam Yamusa bai bar ko allura ba. Abu guda ne ba a miƙa ba, don ba ya cikin abin da magabata a aiki suka saba miƙawa, shi ne kalmar sirrin da yake buɗe kwamfutar da ita. Ba wanda ya tambaya, shi ma bai tuna ba. Aka sha lemo, aka yi addu'a, ya tafi.

Teburin nan Madam Rekiya aka ba wa. Sakatariya ce tun zamanin tafireta, in tana buga rubutu ba ka ganin yatsunta. A Karmo take zaune da mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya. Ɓarin jikin Iya ya shanye, ba ta tashi sai an tayar da ita, kuma Rekiya ce mai yi mata wanka kafin ta fito aiki, ita ce mai ba ta abinci a baki in ta koma. A makon da ta hau teburin Thaddeus yana Kagoro hutun shekara. Da aka ga kwamfuta ta ƙi buɗuwa, sai aka kira wani daga wajen waɗanda suka kawo kwamfutocin, ya zo ya cire tsohuwar kalmar shiga, ya ce Rekiya ta sa tata. Ta sa, kwamfuta ta buɗe, kowa ya ce madalla.

Sai dai me? Tana danna burauza sai wata 'yar taga ta faɗo tsakiyar allo tana neman kalmar sirri. Ta rubuta tata, taga ta ƙi. Ta sake rubutawa a hankali, harafi-harafi, ta ƙi. Ta danna kansil, wato a fasa, taga ta tafi, burauza ta buɗe, amma akwatin imel ya tsaya shi ma yana neman tasa kalmar, wadda ba ta taɓa ji ba balle ta sani. Washegari haka. Jibi haka. Duk lokacin da ta buɗe burauza, ga tagar nan ta riga ta zuwa.

Rekiya ta tsorata. Ta tabbata a ranta ita ta taɓa wani abu ta lalata kayan gwamnati. Dama a kwanakin ana ta ƙus-ƙus a baranda cewa tsofaffin sakatarori 'yan tafireta ba su iya kwamfuta ba, za a tura su ofisoshin jihohi a kawo yara masu digiri. Don haka ta ja bakinta ta yi gum. In darakta ya tambayi rahotannin jihohi, ta ce netiwok ne ba kyau. Da yake a garin nan ba a taɓa ƙaryata wanda ya ɗora wa netiwok laifi ba, maganar ta ɗan riƙe ta.

Daraktan sashen, Umar Farouk, ba mugu ba ne, amma mutum ne mai son aiki ya fita a kan lokaci. Jihohi suka fara bugo waya suna cewa sun turo ba a amsa ba. Na sama da shi suka kira shi suka wanke shi tas. Ya dawo ransa a ɓace, ya kira Rekiya, ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa ranar Litinin akwai taro, in rahotannin nan ba sa kan teburinsa kafin a shiga, zai ba da sunanta cikin waɗanda za a tura jiha, ya nemi wadda za ta iya. Rekiya ta fito tana ganin duhu-duhu. Ba zafin barin Abuja ne ya dame ta ba. Iya ba ta ɗaukuwa zuwa wani gari, kuma ba ta da wanda za ta bar wa ita.

Thaddeus ya dawo daga hutu ya ci gaba da zagayensa, kuma tun ranar farko ya ga abin da bai gamshe shi ba. Yana leƙa ofishin Rekiya sai ta kashe allon kwamfutar, ta hau tambayarsa mutanen gida, ya hanya, ya amfanin gona. Matar da ya sani tun tana kawo masa tafireta ta ce harafi kaza yana cijewa, yau ita ce take ɓoye masa allo? Ya yi kamar bai gani ba. Ya bari sai ranar Alhamis da rana, 'yan ofishin sun fita salla da cin abinci, ya shigo ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Madam Rekiya, ni da ke mun wuce ɓoye-ɓoye," in ji shi. "Kunna in gani."

Ta kunna. Ta danna burauza, taga ta faɗo. Ta ce da shi ta lalata ta, ba ta san abin da ta taɓa ba, ta gaya masa maganar Litinin, ta gaya masa maganar Iya, hawaye suka ƙwace mata. Thaddeus ya matso da gilashinsa ya karanta abin da ke jikin tagar. Haushi da daɗi suka zo masa lokaci guda, haushin makonnin da baiwar Allah ta yi tana cin zuciyarta a banza, da daɗin cewa ya gane ciwon.

"Share hawayenki," ya ce. "Ba ke take tambaya ba. Malam Yamusa take nema."

Ya yi mata bayani yadda za ta gane. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan akwati da burauza take ajiye duk kalmomin sirrin da aka ba ta riƙo, kuma shi ma akwatin a kulle yake. In kalmar shiga kwamfuta da kalmar akwatin iri ɗaya ne, kana shiga duka biyun suke buɗewa tare, shi ya sa Malam Yamusa bai taɓa ganin tagar ba. Wanda aka kira ya canja ta shiga ce kawai, ya bar ta akwatin yadda take. Kamar ka kama hayar ɗaki ne, in ji shi, an canja maka kwaɗon ƙofa, amma akwatin wanda ya tashi yana ƙarƙashin gado da nasa kwaɗon. Ko shekara Rekiya za ta yi tana zura makullinta ba zai buɗe ba, kuma ba laifinta ba ne.

Daga nan ya wuce wajen darakta ya maimaita masa. Umar Farouk ya saurara, ya tambaya ko ba za a iya goge akwatin a yi sabo ba. Thaddeus ya ce za a iya, kafin a ƙifta ido ma, kuma tagar ba za ta sake fitowa ba. Amma kalmar imel ɗin sashen tana ciki, in akwati ya tafi ta tafi, kuma lambar wayar da aka ɗaura wa adireshin tsohon layin Malam Yamusa ne, wanda ya daina shiga. Ke nan taga za ta ɓace, rahotanni su ɓace tare da ita, Rekiya kuma ta tafi jiha a kan laifin da ba nata ba. Darakta ya juya biro a hannunsa. Ya ce shi ma daga sama ake matsa masa, ba zai iya ɗaga taro ba, amma ya ba shi zuwa safiyar Litinin.

To ina Malam Yamusa? Waya ba ta shiga. Ya tashi daga gidan gwamnatin da yake ciki. Abin kunya, mutumin da ya yi shekara da shekaru a ginin, ba wanda ya san inda ya koma. Thaddeus ya bi masinjoji, ya bi masu gadi, ya bi mai sayar da jarida a bakin get. Sai ranar Juma'a da yamma wani direba ya ce kamar ya hango shi a kasuwar kifi ta Kado, amma ba zai rantse ba, don wanda ya gani takalmin roba ne a ƙafarsa.

Asabar da safe Thaddeus yana Kado. Wanda ya san kasuwar ya san ba wurin farar riga ba ne. Ruwa yana malala a ƙasa, tarwaɗa tana watsal-watsal a bahuna, hayaƙin banda yana shiga ido, mata suna jan hannunsa, wannan ta ce oga zo ka ga na yau, waccan ta ce kwastoma kada ka wuce ni. Shi kuwa yana kutsawa da jakarsa a hammata, yana tambayar wani dattijo mai gilashi da ya taɓa aikin gwamnati. Aka tura shi layin busasshe, aka dawo da shi layin ɗanye, aka ce ya duba bayan ɗakin sanyi. Yana shan kwana sai ga Malam Yamusa a rumfar ƙanensa, da takalmin roba har gwiwa, yana ɗora kifi a sikeli yana daidaita shi kamar yana jera fayil. Suka rungume juna, ƙarnin kifi da komai, suna dariya.

Bayan an gaisa an tambayi iyali, Thaddeus ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce kalmar da yake buɗe kwamfutarsa da ita yake so. Malam Yamusa ya goge hannunsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Injiniya, kai da bakinka ka ce ko kai ka tambaya kada in faɗa."

Thaddeus ya riƙe baki. Gaskiya ne, haka yake gaya wa kowa ranar da ya ɗora masa kwamfuta a tebur, kuma a duk ginin ashe mutum ɗaya ne ya riƙe maganar, shi ne kuwa wanda yake buƙatar ya karya ta. Dariya ta kama shi har da dafa rumfa. Amma ba ta daɗe ba ta tsaya, don Malam Yamusa ya rage murya ya ce ko da zai faɗa ma, ba ya jin yana tuna ta. Tun da ya bar ofis bai sake taɓa kwamfuta ba. Ya lumshe ido ya lalubo, ya kawo wata ya ce a'a, ya kawo wata ya ce ba ita ba ce. Thaddeus ya tuna fuskar Rekiya.

Sai idonsa ya sauka a kan hannun dattijon. Malam Yamusa yana laluben kalmar a ka, yatsunsa kuwa suna ta motsi a kan katakon rumfar, suna taɓawa suna ɗagawa. Wanda ya yi rayuwarsa cikin masu buga tafireta ya san wannan. Ya san sakatarorin da ba za su iya faɗa maka inda harafi yake ba, amma ka rufe musu ido su buga shafi guda ba kuskure. Thaddeus ya ce da shi ba sai ya tuna ba, ba kuma sai ya faɗa wa kowa ba, ya zo kawai ya zauna a teburinsa ranar Litinin.

Nan fa aka sha daga. Malam Yamusa ya ce ba ya zuwa. Tun da ya tafi ba wanda ya neme shi ko da gaisuwar salla, sai yau da ake da buƙata? Kuma ya shiga ofis yana ƙarnin kifi, yaran da ya koya wa aiki su toshe hanci? Thaddeus bai musa masa ba, ya ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma shi ma yana cikin masu laifin. Sannan ya gaya masa wadda take kan teburin, da abin da zai same ta, da halin da Iya take ciki a Karmo. Malam Yamusa ya san Rekiya, ita take buga masa takardu shekara da shekaru. Ya ce a zo a ɗauke shi da wuri, kafin rana ta yi.

Kai ne, Thaddeus, ka bar hutunka na Asabar ka shiga ruwan kifi saboda matsalar da ba a rubuta a aikinka ba. Da ka goge akwatin nan ranar Alhamis, ba mai ce maka don me, har godiya za a yi maka cewa taga ta daina fitowa. Kai ne ka duba bayan tagar ka ga mutum.

Litinin da sassafe suka iso tare, Malam Yamusa cikin farar shadda da hula, ya sha turare har ya yi yawa. Masu gadi suka ce ba ya shiga sai da katin aiki, Thaddeus ya cire nasa ya ajiye musu ya ce in wani abu ya ɓace a kama shi. Kafin su hau bene labari ya riga su, ofishin Rekiya ya cika da 'yan kallo. Thaddeus ya kore su waje, suka koma leƙe ta taga. Ya buɗe wurin da ake canja kalmar akwatin, ya ce da Malam Yamusa ya rubuta tsohuwar, shi da Rekiya suka juya wa allon baya.

Ya rubuta, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya cire hula ya share gumi, ya gwada wata, ta ƙi. Rekiya tana fuskantar bango, leɓɓanta suna motsi da addu'a. A ɗakin taro kuwa an fara jera kujeru. Thaddeus ya lura dattijon tunani yake yi, kuma tunanin ne yake hana hannun aiki. Ya lura kuma da yadda ya ɗosana a kujerar Rekiya kamar baƙo. Ya ce a dakata. Ya fita da sauri, ya sauka sito, sai ga shi ya dawo yana haki, ɗauke da wata tsohuwar kujera mai karyayyen hannu, wadda Malam Yamusa ya zauna a kanta tun suna Legas. 'Yan leƙe suka tuntsire da dariya, shi ko a jikinsa.

Ya ce da Malam Yamusa ya fita waje, ya shigo kamar yadda yake shigowa kullum, kada ya tuna komai. Dattijo ya fita. Ya turo ƙofa da sallama, ya rataye hularsa a ƙusar da take nan har yanzu, ya jawo kujerarsa ta yi ƙarar da ta saba, ya zauna, ya yi bisimilla. Thaddeus, da bayansa a juye, ya jefa masa tambaya a kan kuɗin tarwaɗa a Kado. Malam Yamusa ya buɗe baki yana ba shi amsa, yatsunsa suka sauka a kan kibod, wato allon haruffa, suka yi tafiyarsu.

Akwati ya buɗe.

Thaddeus ya ji kamar ya yi tsalle, amma aiki bai ƙare ba. Ya zaunar da Rekiya, ya ce ta rubuta sabuwar kalma, kuma ta zama ita ce dai wadda take shiga kwamfutar da ita. Su biyun suka juya baya, ta rubuta, ta maimaita. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya ya sake kunnawa. Ta shiga. Ta kai hannu ta danna burauza, ta ɗora yatsunta a kan kibod tana jiran tagar nan da ta hana ta barci. Ta jira. Ba abin da ya faɗo. Sai akwatin imel ya buɗe da kansa, saƙonni suka zubo, jiha bayan jiha, har ƙasan allo suna ci gaba.

Jama'a, a cikin ofishin gwamnatin tarayya, Madam Rekiya mai kunya da kawaici ta rangaɗa guɗa! 'Yan baranda suka ɓarke da tafi, suka turo ƙofa suka shigo, wannan ya kama hannun Malam Yamusa, wancan ya rungume shi, ba wanda ya ji wani ƙarni. Thaddeus bai tsaya tafi ba, yana can gindin firinta yana zuba mata takarda, yana lallashinta kada ta ba shi kunya yau. Ba ta ba shi ba. Rahotanni suka hau teburin darakta da ɗuminsu, ana shirin shiga taro.

Umar Farouk ya fito da kansa. Ya gaida Malam Yamusa da hannu biyu, ya ce direbansa zai mayar da shi Kado. Sannan ya juya wajen Rekiya.

"Madam, kujerarki taki ce," in ji shi. "Amma don Allah, gobe in abu ya ƙi, ki faɗa."

Wani zai ce ai magana ta ƙare. Ba ku san Thaddeus ba ke nan. A ranar ya zauna da Rekiya suka canja kalmar imel ɗin, suka ɗaura masa lambar ofis maimakon ta mutum ɗaya. Sannan ya bi ginin yana tambaya, sai ga shi ashe mutane da yawa suna zaune da irin wannan tagar, kowa ya yi shiru. Su nasu dalilin daban ne. Saboda yawan ɗauke wuta, sun sa kwamfutocinsu su riƙa shiga kai tsaye ba tare da tambayar kalma ba, don haka akwatin ba ya samun mai buɗe shi, sai burauza ta tambaya. Sun mayar da danna kansil kamar gaisuwar safe. Wasu suka ce ya bar musu akwatin ba kwaɗo kawai a huta, ya ce ba da hannunsa ba, don duk wanda ya zauna a teburin zai kwashe sirrinsu. Ya mayar wa kowa da kalmar shiga, ya daidaita ta da ta akwati, tagar ta ɓace daga ginin. Ya kuma shigar da abu guda cikin al'adar miƙa aiki: mai tafiya da mai zuwa su zauna gefe da gefe a gaban kwamfuta, wannan ya rubuta tsohuwa, wancan ya rubuta sabuwa, ba wanda ya ji ta wani.

Ku da kuke ofisoshi, a nan Abuja da ko ina, ga abin koyi. In kun ga abokin aiki ya yi shiru fiye da yadda kuka san shi, ku jawo kujera ku zauna. In gyara mai sauƙi zai kawar da matsala ya kawar da mutum tare da ita, ku nemi mai wuyar. Wanda ya yi ritaya kuma ku riƙe lambarsa, ku gaishe shi tun ba ku da buƙata. Masu gyaran da ke lungun matakala, ku san sunayensu kafin firinta ta cije.

Kai kuma Injiniya, ɗan Kagoro, mai kunnen jin ciwon na'ura da na mai ita, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi wa na wasu. Rekiya tana nan a teburinta. Iya ba ta san mece ce burauza ba, ba ta taɓa ganin fuskarka ba, ko sunanka ba ta iya faɗa daidai. Abin da ta sani shi ne, kullum magariba ta kawo jiki, tana kwance a ɗakinta a Karmo, za ta ji an turo ƙofa, ta ji muryar 'yarta tana sallama. Kai ka bar mata wannan.